Yadda ake ajiye suna da kalmar sirri don foldar saba ta jonu da kanta idan kwamfutar Linux ta tashi

Ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu da dama a Katsina sun koma tara fayilolinsu a kwamfuta ɗaya da ake kira saba, sauran su riƙa ɗebowa ta netwok. Mai amfani da Windows ba ya shan wahala, sau ɗaya zai saka kalmar sirri ya ce a tuna da ita. A Linux kuwa, idan ana so foldar da ke saba ta kasance a jone, wato tana buɗuwa kamar ta cikin kwamfutar, tun kafin kowa ya zauna a kujera, dole na'urar ta san suna da kalmar sirrin da za ta gabatar wa saba ita kaɗai, babu mai danna mata komai. Abin da mutane suka fi yi shi ne su rubuta su ɓaro-ɓaro a cikin `/etc/fstab`, fayil ɗin da ke jero abubuwan da Linux za ta jona idan ta tashi. Wannan kuskure ne babba, domin izinin fayil ɗin 644 ne: duk wanda ke da asusu a kwamfutar, har ɗan koyon aiki da ya zo jiya, zai iya buga `cat /etc/fstab` ya karanta.

Misalin da za mu bi: wani ofishi a Ƙofar Ƙaura mai saba a adireshi 192.168.1.10, an raba folda mai suna `takardu`, ana so ta bayyana a `/mnt/takardu` a kan kwamfuta mai Ubuntu 24.04. Matakan ɗaya ne a Debian da Linux Mint, a Fedora ma umarnin saka kunshi da sunan kunshin kawai ke canzawa.

Fara daga ɓangaren saba

Kada ka yi amfani da asusun shugaban ofis ko na Administrator. Buɗe asusu na musamman wanda ba shi da wani aiki sai wannan foldar, mu ce `ofis_takardu`. Dalili shi ne kalmar sirrinsa za ta zauna a rubuce a faifan wata kwamfuta; in ta fita, ɓarnar ta tsaya a folda ɗaya.

Idan sabar Linux ce mai Samba, manhajar raba folda ta netwok:

```
sudo useradd -M -s /usr/sbin/nologin ofis_takardu
sudo smbpasswd -a ofis_takardu
sudo pdbedit -L
```

Samba tana da nata rumbun kalmomin sirri daban da na Linux, shi ya sa umarni na biyu ya zama dole. Na ukun yana nuna maka ko sunan ya shiga.

Idan Windows ce, buɗe asusu na cikin gida, ba na Microsoft ba. Lambar PIN da ake shiga Windows da ita ba ta aiki ta netwok, kuma wannan ya sha ɓata wa masu gyara rana guda. A ba asusun izini a wuri biyu, shafin Sharing da shafin Security na foldar, domin wanda ya fi tsauri a cikinsu shi ke aiki. Sannan a duba wa'adin kalmar sirri: buga `net accounts`, za ka ga tsarin asali na Windows kwana 42 ne. Asusun da ba a cire masa wannan wa'adi ba zai yi aiki lafiya lau har mako shida, ranar nan da safe foldar ta ƙi jonuwa alhali ba wanda ya taɓa komai. A PowerShell da ikon shugaba ana cire shi haka:

```
Set-LocalUser -Name ofis_takardu -PasswordNeverExpires $true
```

Sai adireshin saba. A shiga rauta a ɗaure mata 192.168.1.10 da lambar MAC ɗinta, wato lambar shaidar katin netwok ɗinta, in ba haka ba duk ranar da aka ɗauke wuta rauta tana iya ba ta wani adireshin.

Kayan aiki a kwamfutar da za ta jona

```
sudo apt install cifs-utils smbclient
sudo mkdir -p /mnt/takardu
nc -zv 192.168.1.10 445
```

A Fedora `sudo dnf install cifs-utils samba-client` ne. Layi na uku yana gwada ƙofa ta 445, wadda SMB, yaren da kwamfutoci ke amfani da shi wajen raba folda, ke bi. In ba ta amsa ba, kada ka ci gaba: ko dai kebul, ko adireshi, ko Windows ta ɗauki netwok ɗin ofis a matsayin Public ta rufe ƙofar. A mayar da shi Private.

Fayil ɗin sirri

A nan aikin yake, kuma a nan ƙananan kurakurai ke ɓuya. Ƙirƙiri fayil ɗin a kulle tun kafin ka rubuta komai a ciki:

```
sudo install -d -m 700 /etc/cifs-sirri
sudo install -m 600 /dev/null /etc/cifs-sirri/takardu
sudo nano /etc/cifs-sirri/takardu
```

A ciki layi uku ne, ko biyu:

```
username=ofis_takardu
password=Kusugu,74#gora
domain=WORKGROUP
```

Kalmar nan misali ce, ka zaɓi taka mai tsawo. Layin `domain` na masu Active Directory ne, tsarin Windows na tara asusun ofis a wuri ɗaya, su za su saka sunan yankinsu. A ƙaramin ofis ana iya barin WORKGROUP, ko a saka sunan kwamfutar saba, ko a cire layin ɗungurungum.

Duk abin da ya biyo bayan alamar `=` har ƙarshen layi, `mount.cifs`, manhajar da ke jona foldar, yana ɗaukarsa a matsayin kalmar sirri, harafi da harafi. Idan ka sa alamar zance a gefe da gefe, sun shiga ciki. Idan ka bar fili kafin kalmar ko bayanta, ya shiga ciki, kuma ido ba ya ganinsa. Amfanin wannan tsauri shi ne waƙafi da `#` da `$` duk suna wucewa lafiya. A layin fstab kuwa waƙafi ne ke raba zaɓi da zaɓi, don haka kalmar da ke sama za ta tsinke a `Kusugu`, ragowar a ɗauke ta wani zaɓi da ba a sani ba.

Kada ka rubuta fayil ɗin a Notepad ka kawo shi a filash. Windows tana rufe kowane layi da alama biyu, Linux da ɗaya, sai ragowar ta manne a wutsiyar kalmar sirri. Hanyar ganinta:

```
sudo cat -A /etc/cifs-sirri/takardu
```

Layi mai lafiya yana ƙarewa da `$` manne da harafin ƙarshe. In ka ga `gora^M$`, cutar Notepad ce. In ka ga `gora $`, fili ne ya maƙale. Maganin na farko:

```
sudo sed -i 's/\r$//' /etc/cifs-sirri/takardu
```

Haka nan kada a yi amfani da `echo` wajen zuba kalmar sirri a fayil, domin za ta zauna a `~/.bash_history`. Tabbatar da izini da `sudo ls -l /etc/cifs-sirri/`. Abin da ake so a gani shi ne `-rw------- 1 root root`.

Wasu na ajiye fayil ɗin a foldar gidansu, kamar `/home/suna/.smbcredentials`. Yana aiki, amma da sharaɗi: fstab ba ya gane alamar `~`, sai an rubuta cikakkiyar hanya, kuma idan foldar gidan a rufe take da ɓoyayyen rubutu ba za ta buɗe ba sai mai ita ya shiga, lokacin kuwa jonawar ta riga ta faɗi. `/etc` ko `/root` sun fi aminci.

Gwaji da hannu kafin a taɓa fstab

```
sudo smbclient -L //192.168.1.10 -A /etc/cifs-sirri/takardu
sudo mount -t cifs //192.168.1.10/takardu /mnt/takardu -o credentials=/etc/cifs-sirri/takardu,uid=1000,gid=1000
touch /mnt/takardu/gwaji && rm /mnt/takardu/gwaji
sudo umount /mnt/takardu
```

Na farko zai jero foldojin da saba ta raba, ka ga ainihin yadda aka rubuta sunan. Lambar 1000 ita ce ta mai amfani na farko a Ubuntu. Buga `id` ka ga taka. In ba a sa `uid` da `gid` ba, komai zai fito mallakar root, asusun mai cikakken iko, ma'aikaci ya iya karantawa amma ya kasa ajiyewa, sai a yi ta zargin saba alhali laifin na gida ne.

Layin fstab

Ajiye kwafi tukuna: `sudo cp /etc/fstab /etc/fstab.asali`. Sannan a ƙara wannan a ƙasa, duk a layi ɗaya, babu fili tsakanin zaɓuɓɓuka:

```
//192.168.1.10/takardu /mnt/takardu cifs credentials=/etc/cifs-sirri/takardu,uid=1000,gid=1000,file_mode=0660,dir_mode=0770,_netdev,nofail,x-systemd.automount,x-systemd.mount-timeout=30 0 0
```

Idan sunan foldar yana da fili, kamar `takardun ofis`, a rubuta `takardun\040ofis`. Sifili biyun ƙarshe suna nufin kada a ɗauki kwafinta da `dump`, kuma kada a yi mata binciken faifai, tunda faifan ba a nan yake ba.

`file_mode` da `dir_mode` suna tsara wanda zai taɓa foldar a wannan kwamfutar ne kawai. Ba sa ƙara maka iko a saba. In saba ta ba asusun izinin karatu kaɗai, ko 0777 ka rubuta ba za ka ajiye komai ba. Idan mutum fiye da ɗaya ke zama a kwamfutar, buɗe musu rukuni da `groupadd`, ka sa lambar rukunin a `gid`. A sani cewa a idon saba duk abin da suka yi `ofis_takardu` ne ya yi.

Zaɓuɓɓuka huɗu na ƙarshe su ne suka fi shafar mu a nan, saboda yanayin wuta. Idan aka dawo da wuta ko aka tada janareta, duk na'urori suna tashi lokaci ɗaya amma ba sa gamawa tare. Kwamfuta mai faifan SSD kan gama cikin ƙasa da minti ɗaya, rauta na biye, akwatin ajiyar fayil na netwok (NAS) ko tsohuwar saba kuwa tana iya cin minti biyu ko uku. Layin fstab na gargajiya sau ɗaya yake ƙwanƙwasa ƙofa. In saba ba ta farka ba ya haƙura, ba ya sake komawa. Wannan ne asalin ƙorafin nan na "da hannu tana jonuwa, amma in an kunna ba ta zuwa".

`x-systemd.automount` yana sauya tsarin gaba ɗaya. Lokacin tashi systemd, manhajar da ke tada ayyukan Linux, ba ya zuwa saba, sai ya ɗana tarko a `/mnt/takardu`. Duk sa'ar da mutum ko manhaja ta fara leƙa foldar, a lokacin ne ake jonawa. In saba ba ta shirya ba a karon farko, leƙe na gaba zai sake gwadawa. `x-systemd.mount-timeout=30` yana rage jira daga daƙiƙa 90 na asali zuwa 30. `nofail` yana hana tashin kwamfuta ya dogara da wannan foldar. Shi kuwa `_netdev`, gaskiya systemd ya riga ya san `cifs` abin netwok ne, amma a bar shi: ranar da hannu ya zame aka rubuta `cisf`, in babu shi babu `nofail` babu `x-systemd.automount`, za a ɗauki layin a matsayin faifan cikin gida da ya lalace, kwamfuta ta faɗa yanayin gaggawa da baƙin allo.

Wanda ke so a saki foldar idan an daɗe ba a taɓa ta ba zai iya ƙara `x-systemd.idle-timeout=600`, wato minti goma. Yana da amfani a laftof da ake fita da ita daga ofis.

Yanzu a sanar da systemd, a gwada ba tare da an kashe ba:

```
sudo findmnt --verify
sudo systemctl daemon-reload
sudo systemctl start mnt-takardu.automount
ls /mnt/takardu
findmnt /mnt/takardu
```

Umarnin ƙarshe ya kamata ya nuna layi biyu, `autofs` da `cifs`. Sunan `mnt-takardu` daga hanyar foldar aka samo shi, ana mayar da `/` ya koma `-`. Daga nan a sake kunna kwamfutar sau biyu: sau ɗaya saba na kunne, sau ɗaya an zare mata kebul. A karo na biyu kwamfutar ta tashi yadda ta saba, in an mayar da kebul foldar ta buɗe ba tare da an buga komai ba. Wanda bai yi gwaji na biyun ba bai gama aiki ba.

Akwai wata dabara ƙarama mai hana asara. Idan foldar ba ta jonu ba kuma tarkon systemd bai ɗanu ba, `/mnt/takardu` folda ce ta gida kamar kowace, kuma manhajar ajiyar kwafi mai gudana da ikon root za ta zuba fayiloli a ciki tana zaton saba ce, har faifai ya cika. A faifan ext4, tun kafin a jona ana iya kulle ta da `sudo chattr +i /mnt/takardu`. Jonawa za ta ci gaba da aiki a kanta, amma rubutu a folda maras komai zai ƙi.

Idan ta Wi-Fi ake

NetworkManager, manhajar da ke kula da haɗin netwok, kan iya ajiye kalmar sirrin Wi-Fi a jakar mai amfani ɗaya, wadda ba ta buɗewa sai ya shiga. A saitin haɗin a zaɓi a ba duk masu amfani. Ga kwamfutar da ke kan tebur ba ta motsi, kebul ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Karanta lambar kuskure

Saƙon da `mount` ke bayarwa gajere ne, cikakken bayanin yana wajen kanel, wato zuciyar Linux. Da zarar abu ya faɗi:

```
sudo dmesg | tail -20
journalctl -b -u mnt-takardu.mount
```

`mount error(13): Permission denied` shi ne ruwan dare. In `dmesg` ya nuna `STATUS_LOGON_FAILURE`, suna ko kalmar sirri ko `domain` ne ba daidai ba, sai a koma ga `cat -A`. In kalmar daidai take amma an hana shiga, asusun ba shi da izini a foldar. A kula da yawan gwaji, domin sabbin Windows 11 suna kulle asusu na minti goma bayan kuskure goma, ka ga kana iya gyara fayil ɗin amma ka ci gaba da ganin 13 har wa'adin ya cika.

`error(2): No such file or directory` yawanci sunan foldar da aka raba ne ba daidai ba, ko `/mnt/takardu` babu ita, ko hanyar fayil ɗin sirri ta karkace. `error(101)` netwok bai tashi ba. `error(113)` da `error(115)` ba a kai ga saba ba: tana kashe, ko ta yi barci, ko katangar tsaro ta tare 445. Kwamfutar Windows da ke aikin saba a hana ta barci a saitin wuta, a kuma shiga BIOS a kunna zaɓin da ke sa ta tashi da kanta idan wuta ta dawo. Saƙon `wrong fs type, bad option, bad superblock` kuma sau da yawa yana nufin ba a saka `cifs-utils` ba.

`error(112): Host is down` da `error(95): Operation not supported` suna da ruɗi, domin saba na nan a kunne, yare ne bai zo ɗaya ba. Tun kanel 4.13 na shekarar 2017 Linux ta daina fara magana da SMB1, tsohuwar sigar SMB, Samba ma ta kashe shi a tsarin asali daga siga ta 4.11 a 2019. Ga saba ta zamani kada a rubuta zaɓin `vers`, mai tilasta sigar SMB, sam, su biyun za su daidaita a kan mafi sabo. Windows 7 tana jin `vers=2.1`, Windows 8 da Server 2012 `vers=3.0`, Windows 10 zuwa sama `vers=3.1.1`. Tsohon NAS ko rauta mai ramin USB da ba ta jin komai sai `vers=1.0` ita ce matsala. Ta ramin SMB1 ne cutar WannaCry ta bi ta mamaye kwamfutoci a duniya a watan Mayun 2017. A fara neman sabunta manhajar na'urar. In babu, gara a canza ta da a ɗora takardun albashi ko sakamakon jarabawa a kanta.

Idan saba ta mutu ana tsakiyar aiki foldar ta sandare, `sudo umount -l /mnt/takardu` zai sake ta. In an ce `target is busy`, `sudo fuser -vm /mnt/takardu` zai nuna manhajar da ta riƙe ta.

Iyakar kariyar da 600 ke bayarwa

Izinin 600 da muka ba fayil ɗin sirri, wanda ke barin root kaɗai ya karanta shi, yana tare masu amfani na yau da kullum ne kawai. Duk mai ikon `sudo` zai karanta fayil ɗin, haka wanda ya tada kwamfutar da filash mai Linux, ko ya kwance faifan ya tafi da shi. A wurin da jama'a ke shige da fice, kamar shagon intanet ko ɗakin kwamfutar makaranta, a rage masu `sudo`, a sa wa BIOS kalmar sirri, laftof kuma a rufe faifanta da LUKS, tsarin ɓoye bayanan faifai, tun lokacin saka Linux. Mai ɗaukar kwafin `/etc` ya tuna fayil ɗin sirri yana ciki. Zaɓin `seal` a layin fstab yana ɓoye abin da ke wucewa a waya, amma sai da SMB3.

Ya fi kyau kowace kwamfuta ta sami nata asusun: `ofis_akanta`, `ofis_rajista`, da sauransu. In an sace ɗaya, asusunta kaɗai za a rufe, kuma rajistar saba za ta nuna daga wane tebur aka goge fayil. Manyan wurare masu Active Directory suna da hanyar Kerberos, `sec=krb5` tare da `multiuser`, inda kowa ke shiga da sunansa. Sharaɗinta agogon kwamfuta da na saba kada su saɓa fiye da minti biyar, don haka tsohuwar kwamfutar da batirin CR2032 ɗinta ya mutu, mai komawa tsohuwar shekara duk ɗaukewar wuta, sai an canza mata batiri an kunna `timedatectl set-ntp true`.

Ranar canza kalmar sirri, musamman bayan ma'aikacin da ya san ta ya bar aiki, a bi tsari: a tsayar da jonawa a duk kwamfutocin da ke amfani da asusun, a canza a saba, a gyara fayilolin, sannan a tayar.

```
sudo systemctl stop mnt-takardu.automount mnt-takardu.mount
sudo nano /etc/cifs-sirri/takardu
sudo systemctl start mnt-takardu.automount
```

In aka fara canzawa a saba, kwamfutocin da ke riƙe da tsohuwar kalma za su yi ta ƙwanƙwasawa da ita har su kulle asusun, kuma wanda ya riga ya gyara nasa fayil ɗin shi ma ya tsaya a waje. Gyaran fayil ɗin sirri ba ya buƙatar `daemon-reload`, domin `mount.cifs` yana karanta shi sabo a duk jonawa. Sai an taɓa fstab ne ake buƙatarsa.